Tunawa da Innarmu da waɗanda suka yi jinyarta

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in rubuta game da mahaifiyarmu, wadda Allah ya yi wa rasuwa a watan da ya gabata a garin Malumfashi da ke Jihar Katsina, bayan ta shafe kusan shekara bakwai tana kwance. Ba ta taɓa riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba, kuma na san shafukan ta'aziyya a jaridunmu galibi na sarakuna da 'yan siyasa da attajirai ne, amma ina ganin rayuwarta, musamman shekarun jinyarta, ta shafi gidaje da yawa a ƙasar nan, na Kirista da na Musulmi. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ni ne ɗan farinta, kuma kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari ba ta ƙarewa don an binne ɗayansu. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata, jikoki suna ce mata Kaka, a coci kuwa an fi saninta da Uwar Zumunta.

An haife ta wajen shekarar 1940 a wani ƙauye da ke tsakanin Malumfashi da Kafur, a babban gida na Hausawan da suka riƙe addinin kakanni, waɗanda ake kira Maguzawa. A irin waɗannan gidaje mace ba ta kulle. Da safe tana gandu tare da maza, da yamma kuma tana gayaunarta, inda take shuka gyaɗa da wake da auduga, abin da ta girbe kuma nata ne, ba mai tambayarta. Yankin Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, kuma da kuɗin audugar gayauna Inna ta sayi tunkiyarta ta fari, da shi ne kuma daga baya ta riƙa sai mana littattafai da kayan makaranta. Ta iya dafa burkutu kamar sauran matan gidansu, kuma sana'a ce mai kawo kuɗi, amma bayan ta yi baftisma ta bar ta don kanta, ta koma yin daddawa da ƙuli-ƙuli.

Ɗariƙar Katolika ta shigo Arewa ta Shendam a shekarar 1907, amma ta daɗe ba ta iso ƙauyukan ƙasar Katsina ba. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato, wanda ya haɗa har da Katsina, a hannun limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, sistocinsu suka sauka a Gusau a 1956, yankin kuma ya zama dayosis, wato yanki mai bishop nasa, a 1964. A cikin shekarun 1960 ne suka fara kewaya ƙauyukanmu tare da katekis-katekis, wato malamai masu koyar da addinin. Zuwan nasu ya zo daidai da Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta kuma ba da damar yin Misa, wato babbar ibadar Katolika, da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai. Saboda haka da Hausa Inna ta koyi "Ubanmu wanda ke cikin sama" da "A gaishe ki Maryamu", da Hausa kuma ta yi ta jayayya da katekis a kan duk abin da bai kwanta mata ba. Mahaifinmu ne ya fara karɓar bangaskiya. Ita kuwa ta ce sai ta ga yadda sabon addinin zai sa shi ya riƙe iyalinsa, ta yi damina uku tana zuba ido kafin ta shiga ajin baftisma, kuma a wannan ajin ne ta koyi karatun boko, da goyo a bayanta, har ta kai ga karanta Littafi Mai Tsarki da kanta.

Idan ana ba da tarihin ikilisiya a ƙasarmu, sunayen bishop-bishop da limamai ake jerawa, kuma sun cancanta. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa Fada yakan zo ne sau ɗaya a wata, wani lokaci ma ya fi wata bai zo ba idan rafi ya cika, kuma abin da ke riƙe majami'a a tsakanin zuwansa shi ne katekis da Zumuntar Matan Katolika. Su ne suke ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa idan ana ginin coci, su ne suke tara hatsi mudu-mudu bayan kaka domin katekis da marayu, su ne suke zuwa gidan mai jego, su sasanta miji da mata kafin magana ta kai gaban Fada, su wanke gawar mace, su dafa abincin makoki, sa'an nan ran Lahadi su ɗauki tulu da caki su jagoranci waƙa. Inna ta yi shekara da shekaru tana shugabantar matan yankinmu a wannan aiki. Ba mace ce mai sanyin hali ba, ya kamata in faɗi gaskiya. Tana da kaifin harshe, ba ta lamunta a makara wajen taro, kuma matan da suka ci bashin asusun Zumunta suka yi shiru sun sha ganinta a ƙofar ɗakinsu tun da asuba. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ita ce ta tsaya kai da fata sai an sa ƙannena mata a makaranta, ko da yake baffanninmu suna ganin asarar hannu ce a gona. Tafiya mafi nisa da ta yi a ƙuruciyarta ita ce zuwa Kaduna a bayan babbar mota tare da matan Zumunta, lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa sababbin limamai a can ranar 14 ga Fabrairun 1982, kuma har ta tsufa tana ba jikoki labarin yawan jama'ar da ta gani a ranar.

Gidanmu kamar yawancin gidajen Hausawa Kirista yake, wato an rarrabu a addini amma ba a rabu a jini ba. Ƙanwar Inna da suke ciki ɗaya Musulma ce, wasu daga cikin jikokinta ma Musulmi ne, akwai kuma tsofaffin da suka mutu a kan addinin kakanni. Da salla akan aiko mata da nama da tuwo, da Kirsimeti ita kuma ta aika da shinkafa, tana kuma tabbatar da cewa Musulmi ne ya yanka akuyar domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. A watan Maris na 1987, da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har aka ƙona majami'u a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, a gidan wannan ƙanwar tata aka kai yaranmu suka kwana. Ban faɗi wannan don in rufe wahalar da Bahaushe Kirista yake sha ba, domin har gobe akwai masu tambayarmu daga ina muka zo, alhali kaburburan kakanninmu suna bayan gidajenmu. Na faɗa ne domin waɗannan dangi suna cikin waɗanda suka tsaya mata a lokacin da ta kwanta.

A daminar 2018 ciwon ya same ta. Ta daɗe tana fama da hawan jini, amma kamar yawancin mutanenmu, takan sha magani idan kanta yana ciwo, ta ajiye idan ta ji sauƙi, alhali hawan jini ciwo ne da ake shan maganinsa kullum ko da mutum bai ji komai a jikinsa ba. Wata safiya ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki, magana ta sarƙe. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wadda ke faruwa idan jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, ya kuma ce a irin wannan ciwo sa'o'in farko ne suke da muhimmanci, don haka bai kamata a tsaya shafa mai ko turare a gida ba kafin a nufi asibiti. A ƙauye kuwa kowa da fassararsa. Wasu tsofaffi suka ce iska ce ta buge ta saboda ta juya wa tsafin gida baya, wasu suka ce sammu ne, wani kuma daga cikin 'yan'uwanmu Kirista ya zo da kwalbar mai daga wani mai kiran kansa annabi, wanda ya yanka kuɗi masu yawa kafin ya yi addu'a. Inna ba ta iya magana a lokacin, amma ta iya girgiza kai, kuma ta girgiza wa dukansu.

Wani abu ya ba mu mamaki a watannin farko. Matar da ba ta iya kiran sunan jikanta, ba ta iya cewa a ba ta ruwa, idan matan Zumunta suka fara "A gaishe ki Maryamu" sai ta bi su har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, haka nan waƙoƙin da ta yi shekara hamsin tana rerawa. Likita ya bayyana mana cewa hakan yakan faru ga masu irin wannan ciwo, domin waƙa da abin da baki ya haddace ba ta hanya ɗaya suke fita daga ƙwaƙwalwa da maganar yau da kullum ba, ya kuma ba mu shawarar mu riƙa yi mata waƙa. Daga nan carbinta na Rosari ya koma hannun hagu, kowace yamma kuma jikoki sukan zauna su yi addu'ar tare da ita. Sannu a hankali wasu kalmomi suka dawo, ko da yake maganarta ba ta koma kamar da ba har ta bar duniya.

Ranka ya daɗe, a nan nake so in daɗe kaɗan, domin mutane suna faɗin "ta rasu bayan doguwar jinya" a jimla ɗaya, ba tare da sun san abin da ke cikinta ba. Mai shanyewar jiki sai an juya shi kusan kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige za ta mutu ta zama gyambon kwanciya, wanda idan ya yi zurfi yakan kashe mutum kafin ciwon asali. Sai an zaunar da shi tsaye kafin a ba shi kunu, cokali-cokali, domin haɗiya takan raunana, abinci ya bi hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Sai an miƙe masa hannu da ƙafa kullum don kada gaɓoɓi su ƙage. Sai wanka, da sauya ƙunzugu, da wankin zannuwa kowace safiya a garin da ruwa saye ake yi. An sallame mu daga asibiti da takardar magani kawai, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai wata tsohuwar nas 'yar Zumunta da ta yi ritaya, wadda ta zo ta nuna wa matan gida yadda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi da yadda ake ɗaga mutum ba tare da an ja masa kafaɗar da ta mutu ba. Masu gashi da motsa gaɓoɓi kuwa galibi sai a manyan asibitocin birane ake samunsu, kuma ɗaukar tsohuwa mai shanyayyen jiki a motar haya zuwa Katsina ko Zariya ko Kano wata jinyar ce daban.

Wa ya ɗauki wannan nauyi? Ƙanwata ce, wadda ta rufe shagon ɗinkinta, da matata, wadda ta yi wa surukarta abin da 'ya'ya da yawa ba sa yi wa iyayensu, da jikoki mata biyu da suka riƙa karɓa-karɓar kwana, da ƙanwar Inna da takan zo da butarta da dardumarta ta yi mako guda. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gaskiya ne akwai abin da kunya ba za ta bar ɗa namiji ya yi wa mahaifiyarsa ba. Amma na lura maza da yawa sun mai da wannan magana mafaka. Mutum ya turo kuɗi ta waya daga Abuja ko Legas, ya kira ya tambayi jiki, sai ya ga ya sauke nauyi, har ma ya riƙa ƙorafi idan ya zo ya tarar da ɗaki yana wari. Ɗaga mara lafiya daga gado zuwa keken guragu, da tsaron dare, da ɗebo ruwa, da wankin zannuwa, da zama a yi mata hira, babu wanda kunya ta hana namiji a cikinsu. Macen da ta bar sana'arta ta yi jinya shekara bakwai ta yi asarar jari da abokan ciniki da lafiyar bayanta, kuma ranar rabon gado ba a cika tunawa da wannan ba.

Batun kuɗi kuwa kowa ya san yadda ya kasance. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin maganin hawan jini da na ƙunzugun manya ya ninka, har na san gidajen da suka koma ba tsofaffinsu rabin ƙwaya don magani ya kai ƙarshen wata. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu, ciki har da tsofaffi. Zai yi kyau wannan jarida ta tura wakilanta ƙauyuka su bincika tsofaffi nawa ne suka shiga tsarin, da kuma ko yana ɗaukar nauyin mai jinyar da ke kwance a gida, domin masu doguwar jinya a gida suke, gadon asibiti na 'yan kwanaki ne.

Rashin tsaro ya ƙara wa jinyar nauyi. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, muka ɗauke Inna daga ƙauye muka dawo da ita gari, abin da ya yi mata ciwo ƙwarai, domin a can kabarin mahaifinmu yake. Garin ma bai tsira ba. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan limaman cocinmu na Malumfashi cikin dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da wani dattijon limami wanda aka sako daga baya. Daga nan zirga-zirgar limamai ta ragu, taron dare ya tsaya, ƙauyuka da dama suka watse. Duk da haka matan Zumunta ba su fasa zuwa ba. Kowane mako sukan zo da zanensu iri ɗaya, wata da sabulu, wata da ƙullin gero, su yi addu'a, su yi waƙa, su kuma karɓi wanki daga hannun ƙanwata don ta samu ta runtsa. An ce zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan mata da ƙafa suke zuwa, wasunsu ma 'yan gudun hijira ne da ke zaune a ɗakin aro.

Akwai wata magana da nake so 'yan'uwana Katolika su ji. Gidaje da yawa suna tsoron kiran Fada ya shafe mara lafiya da mai, domin suna ɗauka hakan sallama ce, sai su jira har mutum ya fita hayyacinsa. Koyarwar ikilisiya ba haka take ba. Wasiƙar Yaƙub, sura 5, aya 14 da 15, ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a, su shafe shi da mai cikin sunan Ubangiji, kuma Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana cewa wannan sakramenti ba na masu gargarar mutuwa kaɗai ba ne. Duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya raunana yana iya karɓa, ana kuma iya maimaitawa idan ciwo ya ƙaru. Inna ta karɓa sau da dama tana cikin hankalinta, takan kuma sa a ɗaura mata ɗankwali mai kyau ranar da za a kawo mata Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake a Misa. Ikilisiya ta keɓe 11 ga Fabrairu a matsayin ranar marasa lafiya, Fafaroma Francis kuma ya keɓe Lahadi ta huɗu a watan Yuli domin kakanni da tsofaffi tun daga 2021, amma tsohuwar da ke kwance ba ta zuwa coci ta ji wa'azin ranar, sai dai a je mata.

Allah ya ja kwananta har ta ga abin da ba ta zata ba. A watan Oktoban 2023 aka ƙirƙiro Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka kuma naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko a ranar 12 ga Disamba na wannan shekarar, wanda shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a ɗariƙar Katolika. Jikoki suka nuna mata hotunan bikin a waya. Ta daɗe tana kallo, ta nuna ƙirjinta da hannun hagu, ta ce "namu", sa'an nan ta nemi a ba ta kunu.

Ciwon huhu ne ya ƙarasa ta, a gida, 'ya'yanta da ƙanwarta suna kewaye da ita. Tun tana da lafiya ta bar wasiyya cewa kada a ajiye ta a ɗakin ajiye gawa ana jiran ɗinkin anko da buga kalanda, kuma mun cika mata. Washegari aka yi Misar jana'iza, aka binne ta. Wannan sabuwar al'ada ta ajiye gawa makonni ana tara kuɗin rumfa da makaɗa da kayan rabo ba ta Hausawa ba ce, ba kuma ikilisiya ce ta ɗora wa kowa ba, kuma abin takaici ne a ga dangin da suka kasa haɗa kuɗin maganin wata guda sun haɗa na saniya da buhunan shinkafa ranar biso. Maƙwabtanmu Musulmi sun taya mu haƙa kabari, sun zauna makoki tare da mu kwana uku, limamin masallacin unguwa ma ya zo da jama'arsa ya yi mana gaisuwa.

Keken guragunta da katifarta da sandarta mun miƙa su ga Zumuntar Mata, domin a riƙa ba duk gidan da ya shiga irin halin da muka shiga aro, ko na Kirista ko na Musulmi. Ina kira ga sauran majami'u da masallatai su buɗe irin wannan ma'ajiya, su kuma nemi ma'aikatan jinya da suka yi ritaya a cikinsu su riƙa koya wa iyalai yadda ake kula da wanda ke kwance, tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti. A madadin 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunnen marigayiya, ina godiya ga limamanmu da katekis, da matan Zumunta, da dangi da maƙwabta, da duk wanda ya zo ko ya aiko. Za a yi Misar cika wata domin ta a cocinmu, kuma muna roƙon masu karatu su sa ta a addu'a. Allah ya ba ta hutawa ta har abada.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Ɗan farin marigayiya,
Malumfashi, Jihar Katsina.